Jadawalin Sanduna a Jarrabawar IELTS: Yadda Ake Bayyana Shi da Kwatanta Alƙalumansa

Ɗalibin da ya gama karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura ta Makka, yana neman gurbin ƙaro ilimi a inda ake koyarwa da Turanci, da ma'aikaciyar jinya a Jidda da ke son rajistar aiki a Ingila, galibi ƙofa ɗaya ce ke tsare su: sakamakon IELTS, wato jarrabawar gwada ƙwarewa a harshen Turanci. A cikin sassan jarrabawar huɗu kuwa, rubutu ne ya fi ja wa mutanenmu maki ƙasa. Wannan jagora ta shafi aiki na farko na sashen rubutu ne, a nau'in jarrabawar da ake yi don shiga jami'a, lokacin da aka ba ka jadawalin sanduna aka ce ka bayyana shi.

Ka fara sanin iyakar filin. Sashen rubutu minti 60 ne. Aiki na farko ana so ka ba shi minti 20, ka rubuta aƙalla kalma 150. Aiki na biyu, wato maƙala, kalma 250 ne a minti 40, kuma nauyinsa a maki ya ninka na farko. Saboda haka duk mintin da ka ƙara wa jadawali, daga aljihun maƙala ka ciro shi. Mai duba takarda yana auna ka da ma'auni huɗu, kowane da rubu'in maki: cika abin da aka nema, tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, sai nahawu.

Umarnin da ke ƙarƙashin jadawalin ba ya canzawa: "Summarise the information by selecting and reporting the main features, and make comparisons where relevant." Abu uku ke ciki. Ka zaɓa, ka ba da rahoto, ka kwatanta. Ba a ce ka faɗi dalili ba, ba a ce ka faɗi ra'ayinka ba, ba a kuma ce ka kwashe duk lambobin ka zube ba. Yawancin makin da ake asara a wannan aiki, a kan waɗannan abubuwa uku da ba a nema ba ake asararsa.

Jadawalin da za mu yi aiki da shi

Don kada bayani ya tsaya a iska, ga jadawali na gwaji da aka gina da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Saudiyya. Ka ɗauki takarda ka zana shi da hannunka. A layin kwance shekaru huɗu: 2018, 2019, 2023, 2024. A layin tsaye adadin alhazai. Kowace shekara sanda biyu: ɗaya ta waɗanda suka zo daga ƙasashen waje, ɗaya ta alhazan cikin gida.

A 2018, na waje 1,758,722, na gida 612,953.
A 2019, na waje 1,855,027, na gida 634,379.
A 2023, na waje 1,660,915, na gida 184,130.
A 2024, na waje 1,611,310, na gida 221,854.

A jarrabawa da wuya a ba ka lambobi daki-daki haka. Sau da yawa tsayin sanda kawai za ka gani, ka kimanta shi da layukan da ke gefe. Mu ɗauka tambayar ta ce: "The chart below shows the number of Hajj pilgrims from inside and outside Saudi Arabia in 2018, 2019, 2023 and 2024."

Mataki na farko: minti uku ba tare da rubutu ba

Kada ka fara rubutu. Karanta taken jadawali, ka duba me ake aunawa a layin tsaye. Mutane ne, kuɗi ne, tan ne, ko kashi cikin ɗari? An rubuta lambobin a dubbai ko a miliyoyi? Idan a gefe an sa "in thousands" kuma sanda ta tsaya a 600, abin da take nufi 600,000 ne. Wanda ya rubuta cewa alhazai 600 ne suka yi aikin Hajji ya ɓata duk sakin layinsa, komai kyan Turancinsa.

Sai ka duba mabuɗin launuka, ka tabbatar wace sanda ce ta wane rukuni. Ga wani abu da ya shafi wanda ya yi shekaru yana karatu da Larabci: ido ya saba farawa daga dama. A jadawalin Turanci shekaru daga hagu suke tafiya zuwa dama. Idan ido ya ɗauko daga dama, abin da ya sauka za ka gan shi ya hau. Ɗora yatsa a kan shekarar farko kafin ka yanke hukunci.

Daga nan tambaya mafi muhimmanci: akwai lokaci a jadawalin ko babu? Idan akwai shekaru a jere kamar namu, za ka yi maganar hawa da sauka. Idan shekara ɗaya ce aka jera ƙasashe ko kayayyaki, babu abin da ya hau ko ya sauka, kwatanci ne zalla. Mutum ya ga sandar Masar ta fi ta Sudan tsawo, sai ya rubuta cewa adadin ya ƙaru daga Sudan zuwa Masar. Ba ya ƙaruwa, ƙasashe biyu ne daban.

Lokacin jadawali shi ne kuma ke faɗa maka siffar aikatau. Shekarun da suka wuce, shuɗaɗɗen lokaci. Idan babu shekara sam, lokacin yanzu. Idan akwai shekara mai zuwa, ka ce "is expected to" ko "is projected to", domin hasashe ne.

Kafin minti ukun su cika, ka nemo amsar tambayoyi huɗu. Wace sanda ce ta fi kowacce tsawo, wace ce ta fi gajarta? Wane rukuni ne ke sama a ko'ina? Ina aka sami canji mafi girma? Akwai wanda ya saɓa wa sauran? A namu jadawalin: na waje suna sama kowace shekara, 2019 ce ƙololuwa ga rukunin biyu, faɗuwar na gida tsakanin 2019 da 2023 ita ce babban canji, a 2024 kuma na gida sun ɗan farfaɗo alhali na waje sun ƙara sauka. Rubutunka ya riga ya samu ƙashin baya.

Mataki na biyu: jimlar buɗewa

Jimla ɗaya ta isa. Aikinta ta faɗi abin da jadawalin ke nunawa da kalmominka. Idan ka kwafi tambayar yadda take, mai duba takarda ba ya lissafa waɗannan kalmomi, sai ka zaci ka kai 150 alhali ba ka kai ba.

"The bar chart compares the number of overseas and domestic pilgrims who performed the Hajj in four years: 2018, 2019, 2023 and 2024."

Lura da kalmar "overseas". Da yawa za su sa "foreign", su ga sun sauya kalma. Amma mazaunin Saudiyya ya san ba daidai ba ne. Bahaushen da ke zaune a Makka da iƙama, idan ya yi Hajji, a cikin alhazan gida ake ƙirga shi, ga shi kuwa ba ɗan ƙasa ba ne. Jadawalin ya raba mutane ne bisa inda suka taso zuwa Hajji, ba bisa fasfonsu ba. Sauya kalma yana da amfani muddin ma'ana ba ta motsa ba. Idan ba ka da kalmar da ta dace daidai, maimaita ta tambayar ya fi maka alheri. Ka kuma cire kalmar "below", tunda babu wani jadawali a ƙarƙashin rubutunka.

Mataki na uku: dunƙulallen bayani

A nan gizo ke saƙar. Ma'aunin da masu duba takarda ke bi ya fito fili: don samun maki 7 cikin 9 a ɓangaren cika abin da aka nema, dole a ga dunƙulallen bayani bayyananne. Rubutun da ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, bai ɗago kai ya dubi hoton gaba ɗaya ba, a wajen maki 5 yake tsayawa. Mutum na iya rubuta kalma 200 ba kuskuren nahawu ko ɗaya, rashin jimla biyu ya danne shi.

Hanya mai sauƙi ta gane shi: ka ɗauka wani ya kira ka a waya, ba ya ganin takardar, ya ce faɗa min abin da ke ciki a numfashi ɗaya. Ba za ka fara karanto masa miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai ba. Za ka ce masa na waje sun fi yawa nesa ba kusa ba, duka sun ragu, amma na gida ne suka fi zubewa. Wannan amsar ita ce dunƙulallen bayani.

"Overall, overseas pilgrims far outnumbered domestic ones in every year shown. Both groups were smaller at the end of the period than at the start, but the decline was much sharper among domestic pilgrims, so the gap between the two widened."

Babu lamba ko ɗaya a ciki, kuma da gangan ne. Lambobi na sakin layi na gaba ne. Ana iya ajiye wannan bayani a ƙarshe, doka ba ta hana ba, amma shawararmu ka sa shi nan da nan bayan jimlar buɗewa. Idan lokaci ya ƙure maka, gara a rasa wata lamba a ƙasa da a rasa shi. Ka fara shi da "Overall" don mai dubawa ya gan shi ba sai ya yi lalube ba. Kuma in ka rubuta shi a sama, ba ka bukatar wani kammalawa a ƙasa.

Mataki na huɗu: rarraba bayanai kashi biyu

Sakin layi biyu na bayani dalla-dalla sun wadatar. Abin tunani shi ne yadda za ka raba. Ko dai ka raba bisa rukuni, na waje daban na gida daban, ko bisa lokaci, shekaru biyun farko daban biyun ƙarshe daban. Duka biyun suna aiki a nan. Abin da ba ya aiki shi ne bin sanduna takwas a jere kamar mai karanta rasit: a 2018 kaza, a 2019 kaza, a 2023 kaza. Idan sandunan suna da yawa, misali ƙasashe shida da kaya uku-uku, ka haɗa masu kama da juna wuri ɗaya, manya tare, ƙanana tare, ka bar na tsakiya da jimla ɗaya.

Ga na farko, bisa rukuni:

"The number of overseas pilgrims rose from about 1.76 million in 2018 to a peak of just under 1.86 million in 2019. By 2023 it had fallen to 1.66 million, and it slipped further to around 1.61 million in the following year, the lowest figure for this group."

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan sanda ta tsaya tsakanin layi biyu, kada ka ƙirƙiro lamba mai kaifi. Ka ce "about", "roughly", "just under", "just over". Ta kusa taɓa layi ba ta kai ba, "just under". Ta ɗan leƙa sama da shi, "just over". Waɗannan ƙananan kalmomi suna kare ka daga kuskure, suna kuma nuna ka iya harshen.

Dubi kuma "By 2023 it had fallen". Jadawalin ya tsallake shekara uku, daga 2020 zuwa 2022. Ba mu da ikon cewa adadin ya yi ta sauka sannu a hankali, domin takardar ba ta nuna abin da ya faru a tsakani ba. Abin da kawai ta nuna shi ne inda aka tsaya a 2019 da inda aka samu kai a 2023.

Na biyu:

"Domestic pilgrims followed a similar pattern at first, increasing slightly from roughly 610,000 to 630,000. In 2023, however, the figure stood at only 180,000, less than a third of the 2019 level, before recovering to about 220,000 in 2024. As a result, while there were nearly three times as many overseas pilgrims as domestic ones in 2018 and 2019, there were about nine times as many in 2023 and seven times as many in 2024."

Jimlar ƙarshe ita ce kwatancin da umarni ya nema. Ba a rubuce take a jadawalin ba, ɗan lissafi ne ya fito da ita: 1.66 a raba da 0.18 ya ba da tara da ɗoriya. Irin wannan lissafi na ka, rabi, sulusi, rubu'i, ninki, shi ne ke bambanta mai kwatantawa da mai karantowa. Ka haɗa sassan huɗu, za ka samu kalma 187. Tsakanin 160 da 190 wuri ne mai kyau. Wuce 200 yana cin lokaci, yana kuma ƙara ƙofofin kuskure.

Abin da ka sani, ka bar shi a waje

Mun zaɓi jadawalin Hajji ne saboda tarkon da ke cikinsa. Duk wanda ke zaune a Saudiyya ya san abin da ya faru. Ya tuna 2020 da annobar korona ta hana alhazan waje zuwa, ya tuna 2021 da aka taƙaita Hajji ga mutum kusan 60,000 na cikin gida, ya ga yadda aka tsaurara maganar tasarihi, wato takardar izinin Hajji. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi ya rubuta "because of the pandemic". Kada ka rubuta. Gaskiya ce, amma ba ta cikin takardar, kuma mai dubawa zai ɗauke ta a matsayin abin da bai shafi aikin ba. Haka ma jimloli irin su "this is a good development" ko shawara ga gwamnati. Wurinsu aiki na biyu. A aiki na farko kai mai shaida ne, abin da idonka ya gani a takarda shi kaɗai za ka faɗa.

Inda Hausa da Larabci ke ja mana ƙafa

A Hausa kalma ɗaya ke ɗauke da kwatanci: ya fi. Ya fi yawa, ya fi tsawo, ya fi tsada. Shi ya sa hannu ke son sa "more" a gaban komai, sai a samu "more higher" da "more larger". Gajeriyar siffa wutsiya take ɗauka, "higher than", "lower than". Doguwa ce ke ɗaukar "more", kamar "more popular than". Ba a haɗa biyun. Idan kana so ka nuna girman tazara, ka sa "much", "far" ko "slightly" a gaba.

Ninki ma yana da nasa gini. Ninki biyu "twice as many as" ne ga abin da ake ƙirgawa, "twice as much as" ga wanda ba a ƙirgawa, kamar ruwa, mai ko kuɗi. Wannan rabuwa ta bi ko'ina: "the number of pilgrims" amma "the amount of water", "fewer cars" amma "less oil". Hausa ba ta damu da wannan bambanci ba, yawa yawa ne, don haka sai ka sa ido.

Sai ƙananan kalmomin nan da ke juya ma'ana. "Fell to 180,000" na nufin a nan ya tsaya. "Fell by 450,000" na nufin abin da ya zube ke nan. Duka biyun gaskiya ne game da alhazan gida tsakanin 2019 da 2023, amma in ka musanya su ka yi wa jadawalin ƙarya. Kalmar "million" kuwa ba ta ɗaukar jam'i bayan lamba: "1.6 million", ba "1.6 millions" ba.

Kashi cikin ɗari yana da rami na musamman. A 2019 alhazan gida kusan kashi 25 ne na jimillar alhazai, a 2023 suka koma kusan kashi 10. Idan ka ce kasonsu ya ragu da "15 per cent", ba daidai ba ne. Ya ragu ne da "15 percentage points". Kuma ka kula da wanda ke aikata aikin a jimla: ba alhazan ne suka zama kashi 10 ba, kasonsu ne, don haka "the proportion of domestic pilgrims" za ka sa a gaba.

Daga Larabci kuma abu uku ke biyo mutum. Na ɗaya, doguwar jimla da ake ɗinkewa da wawun haɗi. A Larabci ado ce, a Turanci "and" biyar a jimla ɗaya rauni ne. Ka yanka ta, ka yi amfani da "while", "whereas" da "by contrast" inda akwai saɓani na gaske. Na biyu, jimlar suna wadda ba ta bukatar aikatau, sai a rubuta "the figure higher in 2019", an bar "was" a hanya. Na uku, babban baƙi: Larabci ba shi da shi, Turanci kuwa yana nemansa a farkon jimla da sunayen ƙasashe da watanni. Ka kuma tsare waƙafi da ɗigo a lambobi: waƙafi na dubbai ne, 610,000, ɗigo na gutsure ne, 1.76.

Minti biyun ƙarshe da yadda za ka yi atisaye

Rabon lokacin ke nan: uku na kallo, kusan goma sha biyar na rubutu, biyu na dubawa. A dubawar, ka fara da lambobi, ka bi kowace ɗaya ka mayar da ita kan sandarta. Sannan aikatau, ka ga ko duk suna lokaci ɗaya. Ka bar fili tsakanin sakin layi don tsarin ya fito a ido.

Idan a kwamfuta za ka yi jarrabawar, allon yana ƙirga maka kalmomi, amma ba ya gyara maka rubutun kalma. Wanda yatsunsa suka saba da haruffan Larabci, ko da waya mai gyara kuskure da kanta, ya kashe wannan gyaran tun yanzu ya riƙa bugawa a allon madannai na sosai. Idan a takarda ne, ka ƙirga kalmomin da kake sawa a layi ɗaya. Mai kalma goma a layi ya san layi goma sha bakwai sun fitar da shi.

Wajen atisaye, kada ka fara da rubuta cikakkiyar amsa kullum. Mako na farko ka ɗauki jadawali uku a rana daga littattafan tsofaffin tambayoyi na Cambridge, ka rubuta dunƙulallen bayani kawai, jimla biyu ga kowane, cikin minti huɗu. Ka karanta wa abokin karatunka ba tare da ya ga jadawalin ba, ka ce ya zana abin da ya ji. Idan zanensa ya yi kama da na littafi, ka kama hanya. A mako na biyu ka ƙara sakin layi biyun, ka kunna agogo a minti 20, in ya buga ka ɗaga hannu ko da kana tsakiyar jimla, sannan ka duba a wane mataki lokacin ya tafi.